Normandie-Niémen: yadda matuƙan jiragen yaƙin Faransa suka yi rayuwar yau da kullum a fagen daga na Rasha

Idan aka ambaci matuƙin jirgin yaƙi, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne artabu a sararin samaniya, da jirgin abokan gaba yana faɗowa cikin hayaƙi. Alƙaluman da rundunar Normandie-Niémen ta bari suna ba da wani labarin dabam. Daga watan Maris na 1943 zuwa watan Mayu na 1945, matuƙanta sun tashi aiki sau 5,240, sun kuma yi awa 4,354 a sama. In aka raba, kowane tashi bai wuce minti 50 ba. Sauran yinin yana tafiya ne a ƙasa, wajen jira da horo da gyaran jirgi, kuma a nan ne ake shirya abin da zai sa mutum ya dawo da ransa ko ya rasa shi.

Asalin rundunar

Bayan da Jamus ta ci Faransa da yaƙi a watan Yuni na 1940, Janar Charles de Gaulle ya kafa ƙungiyar masu ƙin miƙa wuya, wato France libre. Chadi, a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ta bi bayansa a ranar 26 ga Agusta na wannan shekara, Kamaru kuma washegari. Burin de Gaulle shi ne a ga Faransawa suna yaƙi a kowane fage. Da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yuni na 1941, sai ya nemi tura ayarin matuƙa can.

An kafa ayarin ne a ranar 1 ga Satumba 1942 a sansanin Rayak na ƙasar Labanan, aka raɗa masa sunan lardin Normandie. Mutanen farko kimanin 60 ne, 14 daga cikinsu matuƙan jiragen yaƙi, sauran makanikai da tafintoci da likita. Sun bi ta Tehran da Baku, suka isa garin Ivanovo, arewa maso gabashin Mosko, a ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da hunturu ya kankama. Da yawansu gudu suka yi kafin su kai ga shiga rundunar. Marcel Albert da Marcel Lefèvre da Albert Durand sun tsere da jiragensu daga Oran ta Aljeriya zuwa Jibraltar a watan Oktoba na 1941. A idon gwamnatin Vichy, wadda ke ɗasawa da Jamus, maciya amana ne, shi ya sa wasunsu suka riƙa amfani da sunan aro don kada a taɓa iyalansu a gida.

Horo kafin fagen daga

Kusan duk matuƙan sun riga sun iya tuƙi, wasu ma sun taɓa harbo jirage. Duk da haka sai da suka shafe fiye da wata uku suna koyo a Ivanovo. Sun zaɓi jirgin ƙirar Sobiyet mai suna Yak, wanda fukafukansa na katako ne, marar nauyi, mai saurin juyawa. Sabon zuwa yakan fara da Yak-7 mai kujera biyu, malami na bayansa, kafin a sakar masa Yak-1 shi kaɗai.

Ƙasar da kanta ta fi jirgin wuyar koyo. Filin sauka dusar ƙanƙara ce da aka daddaɓe, fari fat, ta yadda matuƙi kan kasa tantance tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa lokacin sauka. Daga sama, ƙauyuka da gonaki da dazuzzuka duk kama ɗaya suke yi. Wanda ya saba gane hanya da hasumiyar coci ko babban titi a Faransa, dole ya koyi bin layin dogo da gwiwar kogi, yana duba kamfas da agogo. Man jirgin ba shi da yawa, don haka ɓatan hanya na ƴan mintoci kan iya ƙarewa da saukar dole a cikin daji. Rubutun da ke jikin na'urorin jirgin na Rashanci ne. Abin da ya zo musu da sauƙi shi ne awon tsawo da na gudu, domin da mita da kilomita ake yi, kamar a gida.

A ranar 22 ga Maris 1943 aka tura su bakin daga, a filin Polotniani Zavod kusa da Kaluga, a ƙarƙashin Kwamanda Jean Tulasne. Daga bisani aka haɗa su da runduna ta 303 ta jiragen yaƙin Sobiyet, wadda Janar Georgi Zakharov ke jagoranta.

Ranar makanike na farawa da dare

Kafin matuƙi ya farka, makanikensa ya daɗe a gindin jirgi. Babu rumfar ajiye jirage a filayen bakin daga. A fili ake barin su, ko a bakin daji a lulluɓe su da rassa don kada jiragen leƙen asirin Jamus su hango su. A lokacin hunturu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Baƙin mai yakan daskare, sai an ɗumama shi kafin inji ya tashi, ƙarfe kuma yana kama fatar hannu in aka taɓa shi babu safa. Wasu ayyukan kuwa, kamar ɗaure ƙaramin noti a lungun inji, ba sa yiwuwa da safar hannu.

Kowane jirgi yana da makanikensa. Shi ke duba inji da tayoyi da iskar burki, ya toshe ramukan da harsasai suka huda jiya, masu kula da makamai kuma su loda igwa mai bakin milimita 20 da ke harbi ta tsakiyar farfela, tare da bindigar da ke saman inji. A watan Agusta na 1943 aka janye makanikan Faransa, waɗanda ƙarancinsu da yawan aiki suka galabaitar, aka maye gurbinsu da ƴan Sobiyet a ƙarƙashin injiniya Sergei Agavelian. Daga nan kowane matuƙi ya ɗora ransa a hannun mutumin da ba ya jin harshensa. Da nuni da hannu, da kwaikwayon ƙarar inji da baki, da ƴan kalmomin da kowa ya tsinta daga wurin ɗan'uwansa, suka riƙa fahimtar juna.

Jiran umarni

A watannin zafi gari kan waye tun wajen ƙarfe 3 na asuba a wannan yanki, duhu kuma ba ya shiga sai bayan ƙarfe 9 na dare. Duk tsawon wannan lokaci rundunar na cikin shiri. Matuƙa kan kwana a gidajen katako na manoman ƙauye, ko a ɗakunan da aka haƙa cikin ƙasa aka rufe da gungume, sannan a kwaso su zuwa fili da sassafe. Kwamanda zai karanta umarnin da ya zo daga hedikwata, a duba taswira a ga inda layin daga ya koma tun jiya, a ji bayanin yanayi, a kuma fitar da sunayen waɗanda za su tashi.

Masu tsaron gaggawa suna zama ne cikin jirage, an ɗaure su da bel, suna jiran a harba harsashin haske daga wurin kwamanda. Sauran suna kwance a ciyawa kusa da jiragensu, wasu na karta, wasu na barci, wasu na rubuta wasiƙun da ba su san ranar isarsu ba. Mutum zai iya yini a haka ba a kira shi ba. Wata rana kuma, in ana babban farmaki, ya tashi sau uku ko huɗu.

Abinci ma jarrabawa ce. Baƙin burodi, miyar kabeji, shayi, da kasha, wani faten hatsi da wani lokaci da gero ake yin sa, su ne cimar yau da gobe. Faransawan sun daɗe suna ƙorafi a kan kasha kafin su haƙura. Bisa ƙa'idar sojan Sobiyet, matuƙin da ya fita aikin yaƙi yana da rabon giram 100 na barasar vodka da yamma.

Yadda ake sintiri

Aikin iri uku ne galibi: tsare sararin da ke saman sojojin ƙasa, raka jirage masu jefa bama-bamai irin su Pe-2, da farautar jiragen abokan gaba a bayan layinsu. Biyu-biyu ake tashi. Na gaba shi ke nema ya kai hari, na baya kuma aikinsa tsare wutsiyar na gaba. Ana iya haɗa biyu-biyu huɗu ko shida, wasu a sama wasu a ƙasa, su riƙa kare juna.

Babban makamin matuƙi idonsa ne. Jiragen Jamus, Focke-Wulf 190 da Messerschmitt 109, sun fi son faɗowa daga sama ta ɓangaren rana, su yi harbi sau ɗaya su wuce. Yawancin waɗanda aka harbo ba su ga wanda ya harbe su ba. Saboda haka matuƙi ba ya daina waige, sama da baya, hagu da dama, yana kuma lura da ma'aunin mai. A rediyo da Faransanci suke magana da juna, jami'in da ke ƙasa kuma yana haɗa su da ɓangaren Sobiyet. Rakiya ta fi komai buƙatar haƙuri, domin an hana mai rakiya barin jiragen da yake karewa ko da ya hango abin hari a kusa. Arangamar da aka lissafa wa rundunar a duk tsawon yaƙin 869 ce, abin da ke nuna cewa tashi da dama an je an dawo ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Da an sauka, makanike zai haye fiffike ya tambayi lafiyar inji, jami'in bayanai kuma ya ɗauki rahoto. Ba a rubuta wa mutum nasara don ya ce ya harbo jirgi. Sai an samu shaida daga abokin tashi, ko daga sojojin ƙasa da suka ga faɗuwarsa.

Kujerun da ba a dawo kansu ba

Nasarar farko ta zo a ranar 5 ga Afrilu 1943, lokacin da Albert Preziosi da Albert Durand suka harbo Focke-Wulf. Kwana takwas bayan haka, matuƙa uku suka fita ba su dawo ba. A yaƙin Orel, tsakanin 14 da 17 ga Yuli, rundunar ta rasa mutum shida, ciki har da Kwamanda Tulasne da mataimakinsa Albert Littolff. Pierre Pouyade ne ya karɓi jagoranci. Faɗuwa a bayan layin Jamus na da haɗari na musamman gare su, domin babban hafsan Jamus Wilhelm Keitel ya ba da umarnin a harbe duk wanda aka kama daga cikinsu.

Wannan asara ce ta sa aka janye rundunar zuwa Tula a watan Nuwamba na 1943. Nan ta shafe hunturu tana karɓar sababbin matuƙa tana horar da su, har ta kai rukuni huɗu masu sunayen garuruwan Normandie: Rouen, Le Havre, Cherbourg da Caen. Tsofaffin hannu suka riƙa ɗaukar sababbi suna gwada musu tashi biyu-biyu, da harbi, da faɗan gwaji, da gane hanya cikin hazo. Cikin sababbin akwai Roger Sauvage, wanda mahaifinsa baƙar fata ne ɗan tsibirin Martinique, kuma ya kammala yaƙin a sahun gwanayen rundunar. Amfanin horon ya bayyana a ranar 16 ga Oktoba 1944 a Gabashin Prussia, inda aka rubuta musu jirage 29 a yini ɗaya, da sababbin jiragensu Yak-3, ba tare da sun rasa kowa ba.

Ƙaura da amanar makanike

Yayin da sojojin Sobiyet ke kutsawa yamma, rundunar kan sauya fili duk bayan ƴan makonni. Don kada jirgi ya isa sabon wuri babu mai duba shi, matuƙi kan ɗauki makanikensa a wani ɗan matsattsen gurbi da ke bayan kujerarsa. Wurin ba ya ɗaukar mutum da laimar dirowa.

A ranar 15 ga Yuli 1944, ana ƙaura daga filin Dubrovka, Maurice de Seynes ya tashi ɗauke da makanikensa Vladimir Belozub. Jim kaɗan sai mai ya fara tsiyaya cikin ɗakin tuƙi, ya rufe masa ido. Ya juyo ya yi ta ƙoƙarin sauka bai dace ba. Aka umarce shi ta rediyo da ya diro da laima. Ya ƙi, domin abokinsa ba shi da ita. A yunƙuri na ƙarshe jirgin ya faɗi, dukansu biyu suka rasu. Har yau wannan ne labarin da aka fi tunawa da shi game da rundunar, a Faransa da Rasha.

A ranar 28 ga Nuwamba 1944 Stalin ya ƙara wa rundunar sunan kogin Niémen, saboda rawar da ta taka a yaƙin tsallake shi. Ta kammala yaƙin da nasara 273 da aka tabbatar. Daga matuƙa kusan 100 da suka yi aiki a cikinta, 42 ba su koma gida ba. Huɗu sun samu lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet: Marcel Albert, Roland de la Poype, Jacques André, da Marcel Lefèvre, wanda aka ba shi bayan rasuwarsa. A ranar 20 ga Yuni 1945 waɗanda suka tsira suka sauka a filin Le Bourget na birnin Paris, cikin jiragen Yak-3 da gwamnatin Sobiyet ta bar musu kyauta. Ɗaya daga cikin jiragen yana nan a gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget, rundunar kuma tana ci gaba da aiki da sunanta a sansanin Mont-de-Marsan, da jiragen Rafale.