Morro Bay: Garin da Ya Kwashe Matatar Ƙazantarsa daga Bakin Teku

A watan Janairun 2013, hukumar kula da gaɓar teku ta jihar Kaliforniya a Amurka ta hana garin Morro Bay izinin sake gina matatar ruwan ƙazantarsa a inda take. Tun cikin shekarun 1950 matatar ke zaune dab da yashin Tekun Fasifik, tana karɓar ruwan ban-ɗaki da na wanka da wanki na garin da maƙwabciyarsa Cayucos, ta tace shi sama-sama, ta tura teku ta dogon bututu. Hukumar ta ce wurin yana kan hanyar ambaliya da igiyar tsunami, ga shi kuma teku ƙara cikowa take yi.

Garin bai fi mutum 11,000 ba, masunta da masu hidimar baƙi 'yan yawon buɗe ido. Ƙaura da matatar ba ƙaramin aiki ba ne a wurinsu. An sha gardama kan fili da kuɗi, har Cayucos ta raba gari ta gina tata. Sai a 2020 aka fara gini a kan tudu, nesa da gaɓa.

Abin da ke cikin sabuwar matatar shi ne ya cancanci a tsaya a duba. Bayan an tsame tsummoki da tsakuwa, ruwan kan shiga manyan kwatamai inda ake hura masa iska ba dare ba rana. Cikinsu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna cinye dattin. A cikin wannan ruwa mai launin ƙasa aka nutsar da matatai masu ƙofofin da ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Famfo na zuƙo ruwa ta cikinsu, dusa ta tsaya a baya, kamar yadda ake tace gasara da ƙyalle, sai dai wannan ƙyallen ko bakteriya ba ta ratsa shi.

Daga nan sai a matsa ruwan da ƙarfi ta wata fata da ta fi matatan farko tsauri, wadda ke tare gishiri da ɓurɓushin magungunan da mutane suka sha suka fitar. Ƙarshe a haska shi da hasken ultrabayolet tare da sinadari, a ƙarasa abin da ya kuɓuta.

Burin garin shi ne ya riƙa ɗura wannan ruwa cikin ƙasa ta rijiyoyin burtsatse, ya jima can, sannan a jawo shi a sha. A jihar da fari ke yawan addaba, kuma garin da mafi yawan ruwan shansa daga nesa ake kawo masa, wannan dabara ce mai kyau ƙwarai. Ragowar ruwan gishirin da fatar ta tare kuwa, har yanzu teku ake kai shi.

Kuɗin ne ya yi ciwo. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 160, galibi bashi mai sauƙin ruwa daga gwamnatin tarayya da ta jiha, kuma gidajen garin ne ke biyan sa ta ƙarin kuɗin ruwa kowane wata. Ga ɗan fansho, wannan nauyi ne na gaske, kuma zai ɗauki shekaru masu yawa kafin a sauke shi.