Gyara, sokewa ko sake dubawa: Ma'anar aikatau na Turanci da ake sauya dokoki da su

Da wuya a yi mako guda sanarwar gwamnati ko ta majalisa ba ta zo da ɗaya daga cikin kalmomin nan na Turanci ba: "amend", "alter", "repeal", "review", "adjust" da "reform". A bakin jama'a dukkansu sukan dunƙule su koma "an canja". Amma a harshen doka da mulki kowace na da iyakarta. Wanda ya cuɗa su kan ɗauka dokar da aka binne tana nan da rai, ko ya ɗauka alkawarin dubawa ƙari ne da ya riga ya tabbata.

Kalmar "amend" na nufin yi wa rubutaccen abu gyara, kamar doka ko yarjejeniya ko ƙudiri, alhali gundarinsa na nan. Ana iya cire wata kalma, a ƙara wani sashe, ko a sauya wani adadi. Haka aka yi a shekarar 2024, lokacin da aka yi wa dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 gyara, aka ɗaga adadin daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000. Dokar ba ta mutu ba, wasu sassanta ne aka taɓa.

"Alter" ta fi "amend" faɗi a zancen yau da kullum. Ita ake faɗa idan tela ya rage wa riga tsawo, ko magini ya sauya fasalin ɗaki. Duk da haka, ita ce kalmar da Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya zaɓa a sashe na 9, inda ya bai wa Majalisar Tarayya ikon yi masa gyara. Shi ya sa ake kiran gyare-gyaren tsarin mulkin Najeriya "Alteration", tun daga na farko a 2010 har zuwa na biyar da aka sanya wa hannu a 2023, alhali a Amurka "Amendment" ake cewa, kuma sun yi guda 27. Irin wannan gyara ba ya tabbata sai kashi biyu cikin uku na 'yan kowace majalisa ta tarayya sun amince, sannan majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36 su mara baya.

"Repeal" kuwa sokewa ce, wato a ɗauke doka daga aiki. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Fabrairun shekarar, soke ta 2010 ta yi, ta maye gurbinta. Haka ma dokar kamfanoni ta 2020 ta soke ta 1990. Idan aka ce "an yi wa dokar gyaran fuska" a irin wannan wuri, an ɓatar da mai karatu, domin duk wanda ya kafa hujja da tsohuwar dokar a kan sabon lamari ya jingina da bangon da aka rushe.

Kalmar da ta fi ruɗa mutane ita ce "review". Asalinta sake dubawa ne, kuma dubawa ba ta tilasta canji. Kwamiti na iya zama ya yi bitar wani tsari, ya tashi bai taɓa ko harafi ba. Gyaran 2024 ya rage wa'adin bitar mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, amma abin da doka ta wajabta shi ne zaman bitar. Adadin da za a cimma kuwa sai an yi ciniki. Sai an haɗa ta da "upward" ko "downward" sannan take nuna ƙari ko ragi. Don haka "upward review" na kuɗin wuta ko na makaranta, a Hausa ƙarin kuɗi ne, ba wani abu ba. Idan bitar ta kai ga sake rubutu, a nan ne "revise" ke shigowa.

"Adjust" daidaitawa ce, irin ɗan matsawar da ake yi wa sikeli ko agogo. Saboda taushinta, masu fitar da sanarwa na son ta idan za su faɗi labari mai ɗaci. A duk inda aka ce an daidaita farashi, abin yi shi ne a nemi tsohon adadi da sabo a gwada su. "Reform" kuma garambawul ce, wato sake fasalin tsari dungurungum da niyyar inganta shi. Kalmar na ɗauke da yabo a cikinta, domin niyyar mai yin ta take bayyanawa, ba sakamakon aikin ba.

Akwai wani tarko da ya shafi jerin kalmomi. A "replace A with B", A ne ya fita, B ya shiga. A "substitute A for B" kuwa, A ne ya shiga, B ya fita. Masu rubuta dokoki sun fi amfani da ta biyun, kuma abin da ya biyo bayan "for" shi ne ake cirewa. Gyaran 2018 da ya rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, da na Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, zai koma ƙari a idon wanda ya karanta jerin a baibai.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za su bambanta waɗannan matakai ba. Tana da gyara, kwaskwarima, bita, daidaitawa, sokewa, maye gurbi da garambawul. Abin da ake buƙata daga mai fassara da mai karatu shi ne tambayoyi uku a kan kowace sanarwa: shin tsohon abin na nan ko an kawar da shi, canjin ya auku ko dubawa kawai za a yi, kuma wane ne ya shiga, wane ne ya fita? Ma'aikacin da ke jiran albashi da ɗan takarar da ke shirin sayen fom duk a kan amsoshin nan lissafinsu ya dogara.