Yadda Ake Sassaƙa Hatimi da Tsohon Silifas

Tunda iska ta fara yage mana takardun da muke liƙawa a bango, wasu kuma suna liƙa nasu su ce na kulob ɗinmu ne, Malam ya ce muna buƙatar hatimi. Babu kuɗin zuwa Kano a yi mana, sai na ce zan gwada.

Kayan aikin duk suna gida: tsohon silifas mai sumul, sabuwar reza, fensir, takarda, guntun soson katifa da tawada. Na fara da rogo ne saboda yana da laushin yanka, amma da hunturun nan kwana biyu kawai ya yi ya bushe ya lanƙwashe. Dankali ma haka. Silifas kuwa ba ya ruɓewa.

Ga babban sirrin, wanda ya ci mini silifas guda. Na zana JARIDA a kan robar yadda muke rubutu a littafi, na yi yamma guda ina sassaƙa. Da na buga a takarda sai J da R da D suka juya baya, kalmar kuma ta faro daga dama kamar ajami. Ƙanwata ta yi ta dariya. Dalili shi ne hatimi kife shi ake yi, abin da ke hagu sai ya koma dama, kamar a madubi. Haruffa irin su A, H, M, O da T ba sa nuna an yi kuskure don ɓangarorinsu biyu iri ɗaya ne. B, K, S da Ƙ kuwa nan take suke tona asiri.

Maganinsa: ka rubuta kalmar a takarda da manyan baƙaƙe masu kauri, ka maimaita da fensir har ta yi baƙi ƙirin. Ka kife takardar a kan robar, ka goga bayanta da ƙusa ko bayan cokali. Zanen zai fito a juye, sai ka bi shi da biro. Kafin ka yanka, ka duba a madubi. In ya karantu, daidai ne.

Wajen yanka, ba harafin ake cirewa ba, abin da ke kewaye da shi ake ƙwaƙulewa, harafin ya zauna a tsaye kamar kunya a gona. A karkata rezar waje kaɗan don gindin harafi ya yi faɗi, in ba haka ba zai karye. A naɗe gefe ɗaya na rezar da tsumma, kuma kada a yanko ta wajen yatsa. Nawa babban yatsan har yanzu da tabo.

Tawadar allo tana yi, amma a ƙara mata ƙaro ta yi kauri. A zuba kaɗan a soso, a dangwala, a danna sau ɗaya ba tare da murzawa ba.

A Ntonso, kusa da Kumasi a Ghana, da guntun ƙwarya ake sassaƙa hatimin da ake buga wa zanen adinkira ado, sana'a ce guda. Mu ma ga ƙwarya a gonakinmu, ita zan gwada bayan jarrabawa.

Malam ya ce in faɗa: kwaikwayon hatimin shugaban makaranta ko na dagaci laifi ne da ke kai mutum kotu.

Hatimin da ke ƙasan wannan takarda shi ne gwajina na huɗu. Ƙafar R ɗin ta ɗan guntule, a yi haƙuri.