Malamin Lissafi da Kimiyya na Gobe: Iya Danna Waya Kaɗai Bai Isa Ba



Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ke nan yaron da ya gama sakandare a Diggi, cikin ƙaramar hukumar Kalgo, da kwamfuta zai nemi gurbi, ko da a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ne da ke kusa da shi. To wa zai saba masa da ita? Malaminsa. Shi kuma malamin, wa ya koya masa?

Nan ne maganar take. Ɗalibin da ke karatun NCE a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ya iya WhatsApp, ya iya Facebook. Amma iya danna waya daban, iya koyar da darasi da ita daban.

Ga misali. Akwai manhajar GeoGebra, kyauta ce, Markus Hohenwarter ya fara ta a 2001. Maimakon malami ya zana y = mx + c sau biyar a allo, sai ya sauya adadin m, yara su ga layin yana miƙewa ko yana kwantawa nan take. Akwai kuma PhET, wadda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002. A ciki yaro zai haɗa batir da kwan fitila, ya ƙara batir, ya ga haske ya ƙaru, ko da makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji.

To horon ya kamata ya ƙunshi me? Abu uku. Na ɗaya, ɗalibin malanta ya shirya darasi guda da manhajar, ya koyar da shi gaban 'yan ajinsu, su gyara masa. Na biyu, ya saba sauke kayan tun yana da data, domin duka biyun suna aiki ba intanet. Na uku, ya koyi raba aji rukuni-rukuni a kan waya ɗaya, ya sa yara su yi hasashen abin da zai faru kafin ya danna. In ba haka ba, kallo kawai za su yi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kana karatun malanta, zaɓi darasi ɗaya ka gwada kafin a tura ka koyarwar gwaji.