Nazari a kan Tururin Ruwa Mai Haske a Mahaifar Taurarin Majarrori Maƙwabta

Tun daga shekarar 1977, lokacin da Ed Churchwell da abokan aikinsa suka juya babban farantin rediyo na Effelsberg da ke Jamus, mai faɗin mita 100, zuwa ga majarrar M33, suka kuwa tsinkayi wani siririn saƙo na tururin ruwa yana fitowa daga yankin da ake kira IC 133, ma'abota ilmin falaki suka sakankance cewa abin da aka gani a cikin majarrarmu shekara 8 kafin nan yana aukuwa a sauran majarrori ma, wato waɗancan manyan tarukan taurari da kowannensu ya ƙunshi dubban miliyoyi. Sai dai binciken nan ya daɗe a gefe, bai sami kulawar da ta kamace shi ba sai a cikin wannan ƙarni, kuma sababin dawowar hankali gare shi, da natijar da ta biyo baya, su ne mas'alar da ya dace a auna.

Asalin al'amarin shi ne, idan tauraro mai girma yana cikin halittuwa a tsakiyar gajimaren iska da ƙura, yakan feso iska da ƙarfi ta ɓangarori biyu, iskar nan kuwa idan ta yi karo da gajimaren sai ta matse shi ta zafafa shi, har a sami wajen ƙwayar haidirojin biliyan guda a cikin kowane santimita kubik, da zafin da ya haura na tafasar ruwa. A irin wannan hali ƙwayoyin ruwa, saboda yawan gogayya, sukan ɗauki ƙarfi fiye da yadda za su iya riƙewa, ta yadda duk igiyar rediyo mai zangon santimita 1.35 da ta ratsa ta cikinsu sai ta sa su zubar da ƙarfin gaba ɗaya, a tafarki ɗaya, igiyar ta yi ta riɓanya har ta fita da haske mai ban mamaki. Wannan shi ne meza, wanda Charles Townes ya ƙera irinsa da hannu a Jami'ar Kolambiya a farkon shekarun 1950, sannan a 1969 shi da abokan aikinsa a Kalifoniya suka iske na ruwa a sararin samaniya, a gajimaren Oriyon da W49, Mahalicci ya riga ya kunna shi tun kafin a yi tunanin ƙera shi.

Abin da ya fara danne binciken ƙananan mezoji na mahaifar taurari shi ne bayyanar manya. A 1979 masana biyu a Barazil, dos Santos da Lépine, suka gano wani a majarrar NGC 4945 wanda haskensa ya ninka na duk wani da aka sani nesa ba kusa ba, daga baya kuma ya tabbata cewa irin waɗannan suna zaune ne a cibiyoyin majarrori, wasunsu suna kewaya baƙin rami. Da Makoto Miyoshi da jama'arsa suka nuna a 1995 cewa mezojin majarrar NGC 4258 suna zagaya wani abu mai nauyin rana kusan miliyan 40, aka kuma auna nisan majarrar da su ta hanyar lissafin kusurwa tsantsa, har kuskuren awon ya sauko zuwa kashi 1.5 cikin 100 a 2019, babu mai zargin masana don sun karkata can da lokacinsu da na'urorinsu, gama hujja irin wannan ba kullum ake samunta ba. Meza na mahaifar taurari a majarrarmu kuwa, ko da W49N ne, wanda ya fi kowane haske a cikinta, bai wuce misalin hasken rana ɗaya ba a wannan zangon, alhali na cibiyoyi sukan kai ɗaruruwa, har dubbai.

Ni a ganina babban dalilin da ya dawo da hankali ga ƙananan shi ne ingantuwar kayan aiki, domin fahimtar yadda suke haskakawa ba ta sauya sosai ba. An kammala jerin faranti 10 na VLBA a 1993, kowanne mai faɗin mita 25, a warwatse daga tsibirin Hawai zuwa tsibirin Sen Kuruwa, suna aiki tamkar ido ɗaya. Sabon farantin Green Bank mai mita 100 ya fara aiki a farkon shekarun 2000. Aka kuma sabunta jerin VLA na jihar Niyu Meziko. Da Green Bank ne Jeremy Darling da Crystal Brogan da Kelsey Johnson suka ba da rahoto a 2008 cewa sun sami mezojin ruwa a majarrori 4 masu yawan haihuwar taurari, wato He 2-10, da NGC 4214, da NGC 5253, da tagwayen nan masu karo da juna da ake kira Antennae, abin da ya ƙarfafa zaton cewa ƙarancinsu a baya daga raunin kunnen na'ura yake. Akwai kuma dalili na biyu, wato buƙatar masu nazarin majarrori maƙwabta ta sanin inda kowace ta dosa.

A nan ne fa'ida ta farko ta bayyana, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Sanin gudun majarra zuwa gare mu ko nesa da mu abu ne mai sauƙi, tun da zangon haskenta yakan nuna shi; amma tafiyarta ta gicciye a fuskar sama ta gagari masana shekara da shekaru, saboda tsananin nisa yakan mayar da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa ya zama motsin da bai fi kaurin silin gashi ba ga mai hangensa daga nisan ɗaruruwan kilomita, shi ma a shekara guda cur. Adriaan van Maanen na cibiyar duba taurari ta Mount Wilson ya yi da'awa a wajejen 1920 cewa ya ga juyawar M33 a hotunansa, aka daɗe ana muhawara kafin ya tabbata kuskure ne. Meza kuwa, da yake ɗigo ne ƙanƙane mai tsananin haske, ana iya auna matsayinsa a gwada da wata majiya mai nisan gaske wadda ba a ganin motsinta. Haka Andreas Brunthaler da abokansa suka yi da VLBA, suka bibiyi yankuna biyu a ɓangarori dabam-dabam na M33, suka bayyana a 2005 cewa sun ga juyawar majarrar da gaske, suka kwatanta ta da gudun juyawar da aka riga aka sani, suka fitar da nisa na kimanin shekarar haske miliyan 2.4, da gudun wajen kilomita 190 a daƙiƙa dangane da majarrarmu. Iyakar kuskuren nisan ta kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu, wannan kuwa ba kaɗan ba ne, amma awo ne da bai jingina da kowane kiyasi na hasken taurari ba. A 2007 suka maimaita aikin a kan majarrar IC 10.

Nasarar nan ta sa aka ɗora buri a kan majarrar Andromeda, wadda Abdurrahman al-Sufi ya siffanta da ƙaramin gajimare a littafinsa na taurari tun a shekarar 964, domin tafiyarta ta gicciye ita ce za ta warware ko za ta yi karo da majarrarmu. Darling ya sami mezoji 5 a cikinta a 2011, amma ƙarin bincike a ɗaruruwan wurare bai ƙara adadin ba, kafin nan kuma na'urar Hubble ta auna tafiyar a 2012 ta hanyar taurari, sannan kumbon Gaia na Turai, wanda aka harba a 2013, ya ba da nasa awon na Andromeda da M33 a 2019. Adalci shi ne a yarda cewa a wannan fage an sha gaban meza. Duk da haka awon Gaia na M33 ya dace da na 2005, kuma shaidu biyu da ba su haɗa hanya ba sun fi kusantar da mutum ga yaƙini; ga shi kuma nazarin Till Sawala da abokansa na 2025, wanda ya mayar da yiwuwar karon zuwa kusan rabi da rabi cikin shekara biliyan 10, ya nuna cewa nauyin M33 da tafiyarta suna cikin abubuwan da ke karkata hukuncin.

Fa'ida ta biyu ita ce wadda nake ganin babu mai ƙwace ta. Taurari masu girma ana haifarsu ne a lulluɓe da ƙura mai kauri, wadda hasken da ido ke gani ba ya ratsawa, igiyar rediyo kuwa tana wuce ta ba tare da tangarɗa ba. Kuma da yake meza ba ya daɗewa a ma'aunin rayuwar taurari, ganinsa shaida ce cewa haihuwar tana gudana a daidai lokacin da hasken ya taso. Lokacin da Brogan da abokan aikinta suka duba Antennae da VLA a 2010, sun iske mezojin a yankin da majarrorin biyu suka cuɗanya, kusa da manyan dunƙulen taurari da ke cikin samuwa, irin waɗanda ake kyautata zaton su ne mafarin tsofaffin dunƙule masu kewaye majarrarmu.

Illolin hanyar ma a bayyane suke. Tururin ruwan da ke cikin iskar duniyarmu yana shanye saƙon a daidai wannan zangon, don haka sai an jira busasshen yanayi. Meza yakan yi haske ya dusashe cikin makonni ko watanni, har ɗigon da aka dogara da shi ya ɓace a tsakiyar aiki. Awon motsi kuwa yana buƙatar shekaru na haƙuri da na'urar da za ta dawwama. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, domin a 2012 wani kwamiti na hukumar kimiyya ta Amurka ya ba da shawarar janye tallafi daga Green Bank da VLBA baki ɗaya, kuma ko da yake dukkansu sun tsira suna aiki, awon da aka fara a M33 da IC 10 ingancinsa yana ƙaruwa ne gwargwadon tsawon shekarun da aka ci gaba da maimaita shi, ta yadda rufe faranti na 'yan shekaru zai jawo asarar da kuɗi ba za su iya mayarwa daga baya ba.