Tocila Mai Wani: A Saya Ko A Bari?

Duk wanda naƙuda ta taɓa kama matarsa da tsakar dare, ko zazzaɓi ya rufe ɗansa, ya lalubo tocila ya tarar batir ya mutu, ya san darajar haske. Shi ya sa idan mai talla ya ɗaga tocila a kasuwar Jibiya ko ta Maraɗi yana cewa, "Wannan ba ta shan batir, wani kawai ake yi mata," nan da nan mutane suke kewaye shi. Maganarsa akwai gaskiya a ciki, amma ba dukkan gaskiyar ya faɗa ba.

Yadda take aiki

Wanda ya san dainamon keke, wanda ke gogar taya ya kunna fitila, ya riga ya san sirrinta. A cikin tocilar akwai maganaɗisu da naɗin wayar tagulla. Idan aka murɗa hannun, wasu ƙananan haƙora su juya maganaɗisun da sauri, sai lantarki ya samu a cikin wayar. Wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan hikima a 1831. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da batir ya yi wuya a ƙasar Holan, kamfanin Philips ya ƙera tocilar da ake matsawa da hannu, mutane suka dogara da ita. Ke nan tun asali domin lokacin rashi aka yi ta.

Iri biyu ake yawan gani. Akwai ta matsawa, wadda haskenta ke mutuwa da zarar hannu ya tsaya. Akwai kuma ta murɗawa, wadda ke tara lantarki a wani ɗan batir mai caji da ke cikinta. Wani na minti guda yakan ba da haske na wasu mintoci, mai ƙarfi da farko, sa'an nan ya riƙa dushewa.

Inda take da amfani

Babban alherinta shi ne ba ta jiran kanti ya buɗe, ba ta jiran a kawo wuta, ba ta jiran rana ta fito. Muddin akwai hannu, akwai haske.

Ga lafiyar iyali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da damina, kububuwa da kunama da dare suke yawo, kuma sau da yawa a hanyar bayan gida ko ta rumbu ake taka su. Saran maciji ya yi yawan da a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Haske kaɗan a gaban ƙafa, tare da takalmi, ya isa ya raba mutum da wannan masifa. Haka nan uwa tana bukatar haske don ta auna maganin yaro daidai, kada ta ba shi fiye da kima a cikin duhu.

Idan kuma aka gwada ta da aci-balbal ko fitilar ƙwai, ba ta hayaƙin da ke cutar da ƙirji da idanu, ba ta ƙone gidan sauro, ba ta kuma bukatar kananzir, wanda yara kan sha idan an ajiye shi a robar lemo.

Inda take gazawa

Na farko, haskenta ba ya daɗewa. Mai shayi ko mai tsire da zai kai sha biyun dare yana ba da canji ba zai iya barin ciniki yana wani ba. Ungozoma ma hannuwanta biyu aiki suke yi. Sai an sami mai tsaya mata da tocilar.

Na biyu, haƙoran cikin masu araha na roba ne. Murɗawa da ƙarfi, ko ƙurar hunturu, kan cinye su, kuma da wuya a sami mai gyara.

Na uku, ɗan batirin cikinta yana tsufa. Idan aka jefa ta a akwati wata da watanni ba a taɓa ba, ko aka bar ta a rana a gaban mota, zai daina riƙe caji.

Na huɗu, kada a ruɗe ku da cewa tana cajin waya. Lantarkin da hannu ke bayarwa kaɗan ne ƙwarai; cika waya sai an yi awoyi ana murɗawa. Iyakar abin da za a samu shi ne ɗan abin kiran gaggawa.

Akwai kuma ha'inci. Wasu masu arahar, ƙananan batura masu kama da maɓallin riga aka ɓoye a ciki, su ne ke ba da hasken. Ranar da suka ƙare, tocilar ta ƙare. Irin waɗannan batura haɗari ne: idan yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale, yana iya ƙone masa maƙoshi cikin awa biyu. A garzaya da shi asibiti, kada a jira alama, kada a sa shi amai.

Kafin ku biya kuɗi

Ko da naira za ku saya ko da sefa, ku gwada ta a gaban mai ita. Ku murɗa na minti ɗaya, ku kunna, ku ga tsawon lokacin da za ta yi. Ku lura ko hasken yana ƙaruwa sa'ad da kuke murɗawa. Idan bai canja ba ko kaɗan, ku yi shakka. Ku saurari ƙararta: idan haƙoran na tsalle ko ƙaƙas-ƙaƙas, ku ajiye. Ku duba hannun, ya zama mai kauri. Idan da hali, ku zaɓi wadda ke da farantin hasken rana a bayanta, domin wani ya zama na ranar hadari kawai. Araha ba ta ado.

Hukunci

Ga mai rumfa da ɗalibi mai karatun dare, fitila mai cajin hasken rana ta fi dacewa. Amma a matsayin ta ajiya, domin daren da komai ya ƙi, tocila mai wani ta cancanci kuɗinta, in mai kyau ce. Ku rataye ta wuri ɗaya da kowa a gida ya sani, kusa da ƙofa ko cikin jakar haihuwar mai juna biyu. Ku yi mata wani a hankali sau ɗaya a wata, ko da ba a bukace ta ba, domin ranar da kuka neme ta ku same ta a raye.