Kyamarar Farko da Idon Mai Hoto

Wanda ya girma a Kano ko Zariya ko Damagaram kafin zuwan wayar hannu ya san hoto abu ne da ake yi wa shiri. Sai an yi wanka, an sa kayan sallah, an tafi situdiyo an tsaya gaban labule mai zanen bene ko furanni. Mai hoto ya gyara maka zaman hula, ya ce ka ɗaga haɓa kaɗan, sannan ya danna. Fim ɗinsa hoto 36 yake ci, kowanne kuɗi ne, don haka ba ya dannawa sai ya tabbata. In an wanke, bayan kwana biyu ko uku, a dawo a karɓa. Yau ɗan firamare yana ɗaukar hotuna barkatai da wayar mahaifiyarsa, amma sana'ar tana nan da ranta. A leƙa wurin kamu ko walima, ko a tsaya Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, a ga samari, har da 'yan mata, rataye da kyamarori suna neman wurin tsayawa. Da yawansu sha'awa ce ta kawo su kafin abin ya zama hanyar abinci, kuma dukansu da tambaya ɗaya suka fara: wace kyamara zan saya?

Amsata ita ce, ka sayi wadda kuɗinta ba zai hana ka fita da ita kullum ba. Manyan masu hoto na Afirka ta Yamma da ƙaramin abu suka soma. Seydou Keïta na Bamako kafinta ne lokacin da kawunsa ya kawo masa 'yar kyamarar Kodak Brownie a 1935. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa, da hasken rana yake yawancin aikinsa a tsakar gida, kuma sau ɗaya yake danna wa mutum saboda tsadar kaya. Hotunan nan yau suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. A Nijeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya sayi Brownie a 1950, wani maƙwabcinsa ya nuna masa yadda ake riƙe ta. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata, ya tara hotuna kusan 1,000, waɗanda su ne shaidar salon kitso da yawa da yanzu ba a yin su. A Maiduguri kuma, Fati Abubakar, wadda aikin jinya ta karanta, ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a 2015, a daidai lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai ƙonannun gidaje. Abin da ya haɗa mutanen nan uku shi ne kowannensu ya san abin da yake son ya gani kafin ya ɗaga kyamara.

To, mu sauko kasuwa. Mai fara koyo ba ya buƙatar sabuwa dal. Kyamarori na hannu irin su Canon 600D, wadda ta fito a 2011, ko Nikon D3200 ta 2012, har yanzu suna fitar da hoton da za a wanke shi babba a sa a firam a rataye a falo. Mai shago zai yi ta zuga ka da yawan megafiksel, kada ka biye masa, 18 ɗin da ke cikin 600D ta ishe ka. Akwai sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, sun fi sauƙin ɗauka, kuma nan kamfanoni suka karkata yanzu, sai dai su da kayansu sun fi tsada, batirinsu kuma ya fi saurin ƙarewa. Wanda yake zaune a unguwar da wuta kan yi kwana biyu ba ta zo ba ya kamata ya yi wannan lissafin tun kafin ya biya.

Sayen ta hannu yana son natsuwa, kuma gara ka tafi da wanda ya san kan abin. Ka tambayi adadin dannawar da aka yi mata, domin marfin cikin irin waɗannan ƙananan kyamarori an ƙera shi ne ya kai wajen 100,000. Wadda mai hoton biki ya yi shekaru yana aiki da ita ta kusa gajiya ko da jikinta yana sheƙi. Ka cire lens, ka ɗaga shi sama ka duba da fitilar waya. In ka ga wani farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, fumfuna ce ta laimar damina, ka ajiye masa kayansa. Ka sa katinka, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton ka duba ko akwai ɗigo-ɗigon da ba ya gusawa. Mai shago zai ce, "Haba yallaɓai, wannan ai ba ta taɓa ganin wahala ba." Ka amsa masa da fara'a, ka ci gaba da dubawarka.

Inda ya cancanci a kashe kuɗi shi ne lens. Yawanci ana sayar da kyamara da mai 18-55mm, ba laifi gare shi da rana. Amma da an shiga ɗakin amarya ko magariba ta kawo jiki, sai ya gaza. Mai 50mm f/1.8 yana cikin mafi araha, kuma in aka buɗe shi gaba ɗaya yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan idan an miƙa shi zuwa 55mm. Shi ne yake fito da fuska tar, bayan mutum ya yi laushi ya narke. Ba ya jawo abu kusa, ƙafarka ce za ta kai ka, kuma wannan kansa makaranta ce. Mai Nikon D3200 ya kula: tsohon samfurin 50mm mai harafin D ba ya saita kansa a kan wannan kyamara, sai mai alamar AF-S. A ƙuntataccen ɗaki kuwa mai 35mm ya fi dacewa.

Sauran ilimin duk a kan haske yake, kuma haskenmu yana da nasa hali. Abubuwa uku ne a hannun mai hoto: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da marfi yake buɗe, da kaifin jin hasken da ake kira ISO. Ɗauki misalin dattijo baƙi cikin farar babbar riga da tsakar rana. Kyamara takan ga farin ya yi yawa, sai ta rage haske, fuskar ta fito duhu, idanu su faɗa cikin inuwar rawani. Gwani ba ya faɗa da rana. Zai ce, "Baba, don Allah a ɗan matso nan bakin zaure," ya tsayar da shi inda hasken ke shigowa ta gefe, ya auna a kan fuska. Nan take aikin aska na wuyan riga ya fito, tsagar kumatu ta fito, mutum ya zama shi. Lokutan da suka fi kyau su ne hantsi da la'asar sakaliya. Ranar hawa kuwa, in mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jafi, sai an kai saurin marfi wajen kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa kafin kofato da ƙura su tsaya cak a hoto. Da hunturu hazo yana tausasa haske, amma ƙurarsa maƙiyiyar kyamara ce: kada a canza lens a fili, a shiga mota ko ɗaki, a kifa bakin kyamarar ƙasa.

Akwai abin da ba a rubuta a takardar kowace kyamara ba, kuma ni a wurina ya fi duk na sama nauyi. Mutanen da ke gaban lens suna da mutunci. A yi sallama, a gaisa, a nemi izini. Marinan Ƙofar Mata sun saba da baƙi, duk da haka ba su son a tsaya musu a ka ba ko sannu. Matar aure ba a ɗaukarta sai da yardarta, kuma yardar ɗauka daban, yardar sakawa a Instagram daban. Yana ɓata mini rai ƙwarai in ga an mayar da almajiri ko mai bara abin neman yabo a intanet, alhali ba a ko tambayi sunansa ba. Wanda ya wanke hoto ya koma ya miƙa wa mai shi, gobe da kansa za a kira shi cikin gida.

In sha'awar ta fara kiran kuɗi, kada a yi gaggawar karɓar biki. Ɗaurin aure sau ɗaya ake yin sa, in kati ya lalace ko batir ya mutu ba a cewa a sake. Hanyar da aka gada ita ce a bi maigida: ka riƙe masa jaka da fitila, ka ga yadda yake lallashin dangin ango su tsaya wuri ɗaya, yadda yake yanke farashi, da yadda yake karɓar kafin alƙalami kafin ranar. A wurinsa za ka koyi gyaran hoto a kwamfuta ba tare da ka mayar da baƙar amarya fara ba, wanda ya zama wata cuta a sana'ar yanzu. Kafin ka amsa aikin kanka na farko, ka mallaki batir biyu da kati biyu, kuma duk daren da ka dawo ka kwafe hotunan wuri biyu kafin ka kwanta.